Kada Ki Zauna Ɗakin Keke, Rakiya

Zuwa ga ɗiyata Rakiya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar da bakina ba ya iyawa ko muna kan tabarma ɗaya. Allah ya kai ki Maradi lafiya, ya tsare ki a hanya, ya sa ki shiga gidan Gwaggo Habsu da ƙafar dama. Na sa takardar nan tsakanin zannuwanki. Ki karanta bayan kin huta. Kada ki yi dariyar rubutuna, kin san inda na tsaya a lakkwal, makarantar boko, kin kuma san hannuna.

Na ce miki ɗiyata, ko da yake yayarki ce ni. Tun da Inna ta rasu ni na goye ki, har sai da ƙafafunki suka riƙa bugun bayan gwiwata, mutane na dariya suna cewa goyo ya kusa kamo mai goyo. To abin da uwa za ta faɗa miki yau, babu mai faɗa sai ni.

Zan fara da abin da ban gaya wa kowa ba. Ranar da mushenku, malamin ajinku, ya zo ya shaida wa Baba kin ci jarrabawa za ki kolej, mata na guɗa, ni bayan rumbu na tafi na yi kuka, kuma ba na murna ba. Tun kafin sakamako ya fito na sha fata a zuciyata kada ki ci. Ki yafe mini. Ba hassada ba ce. Na san idan kin ci gidan Gwaggo za a kai ki, a Sabon Gari, kuma ɗakin da na zauna nan za a shimfiɗa miki katifa. Halinmu ɗaya ni da ke. Idan baƙo ya yi sallama mu biyu muke rige-rigen shiga ɗaki. Ina tsoron ki komo mini da hannu irin nawa.

Ba ki san gidan sosai ba, sau ɗaya kika je da salla. Gidan haya ne mai mutane da yawa. Akwai samari ƴan kabu-kabu da ke kwana a ɗakin zaure, kowace safiya suna shigo da baburansu tsakar gida su wanke. Ɗakin keken ɗinki shi ne na can ƙurya. Tagarsa ɗaya, ita ma katangar maƙwabta ta tare ta. Ko da tsakar rana sai an kunna fitila kafin a ga ramin allura.

Da na je koyon ɗinki bayan na gama firamare, a satin farko na fito da bokiti da safe, sai ɗaya daga cikin samarin nan ya ce, “Ƴar Jiratawa, ina albasar da kika yi mana alkawari?”

Na sunkuyar da kai. Ɗayan ya ce, “Ƙyale ta, Ilu, ba ta jin Hausa. Daga Faransa aka kawo ta.”

Suka yi dariya. Wallahi ba su ƙara komai a kai ba, kuma ba da mugunta suka yi ba. Amma ni daga ranar na daina ratsa tsakar gida idan gari ya waye. Sai na riƙa ɗebo ruwa da wanki tun da asuba. Na shirya da Mariya, ɗiyar Gwaggo: ita ta yi duk aiken waje, kasuwa da niƙa da shanya, ni in yi mata shara da guga da wanke-wanke daga ciki. Mariya ta ji daɗi, ni ma na ga kamar na yi dabara. Idan ta kama dole in fita, sai in zumbula dogon hijabi har ƙasa, in sa safa, in bi inuwar katanga.

Abin da ya ƙara rufe mini ido yabo ne. Masu kawo ɗinki sukan ce, “Habsu, ina kika samo wannan? Ko tari ba ta yi.” Gwaggo ta ce, “Ai ɗiyar ƙanena ce, ba a jin motsinta.” Wata Hajiya mai kawo leshi ta riƙe haɓata ta ce birni ya karɓe ni, na yi fes, baƙin ƙauye ya wanke. Na kwana ina jin daɗin maganar nan. Na yi damina biyu a ɗakin nan, Rakiya. Ni da na tashi ina korar tsuntsaye a gona, na manta yadda hantsi ke taɓa wuya.

To ki ji. Idan Ilu ko wani ya tsokane ki, ki ce masa, “Ina kwana, Yaya,” ki wuce. Gaisuwa ɗaya ke kashe tsokana, na gane haka a makare. Kada ki yi musayar aiki da Mariya ko ta roƙe ki. Ki yi wankinki da hantsi ranar da babu lakkwal. Bayan ɗakin Gwaggo, wurin igiyar shanya, babu namijin da ke zuwa, ki naɗe hannun riga ki ɗage zane zuwa ƙwauri ki yi aikinki a nan. Ban ce ki yar da hijabinki a titi ba, ban kuma ce ki tsaya a garjin rana har kanki ya yi ciwo ba. Karatunki ma ki fito da shi bakin ƙofa. Idan aka kaɗa ƙararrawar shan iska a kolej, na san ki, za ki zauna a aji ki ce kina duba kaye, littafin rubutunki. Ki fita. Ko ba ki da ƙawa tukuna, ki fita ki tsaya kusa da masu wasa.

Sai maganar abinci, ita ce ta fi ba ni kunya. Gwaggo ba ta da rowa, kada ki taɓa zaton haka. Ranar farko da ta yi miyar kifi ta sa mini babban yanka. Na ga yaranta na kallon kwanona, na ji nauyi, ni baƙuwa in ci rabon ƴaƴan gida. Sai na tura musu na ce ba na cin kifi. Ni da muke rigima da ke a kan kan tarwaɗa! Gwaggo ta ce, “Ikon Allah, ƴar bakin gulbi ba ta cin kifi?” Shi ke nan magana ta zauna. Duk ranar kifi sai a ce, “A cire na Zuwaira, ba ta ci.” Na kasa janye ƙaryata. Haka na yi da ƙwai, na ce yana sa ni tashin zuciya, don a gida an saba ce mana yaron da ke cin ƙwai ɓarawo zai zama. Rakiya, wannan magana an yi ta ne don a bar kaza ta ƙyanƙyashe. Mushenku na cin ƙwai kowace safiya wurin mai shayi, bai saci ko alli ba.

Abin da aka sa miki a kwano naki ne. Ki ce bismilla ki ci. Kifi, ƙwai, hanta idan an samu, kada ki tura wa kowa. Gwaggo ta fi son ki ci ki yi mata godiya.

Ciwon da safe ya fara. Zan tashi in ji yatsuna sun ƙage kamar an ɗaure su da zare. Sai rana ta ɗaga suke sakewa. Na ce sanyi ne. Na riƙa ɗibar ruwan zafi a kofi, in shige ɗaki in tsoma hannu kafin Gwaggo ta shigo. Daga baya gaɓoɓin suka kumbura, wuyan hannu ya shiga, gajiya ta kama ni irin wadda barci ba ya cirewa. Ban faɗa ba. Wata rana almakashi ya kuɓuce mini na ɓata atamfar wata mata. Gwaggo ta yi ta faɗa, “Ke wai hankalinki na Jiratawa ne? Ko saurayi kika yi?” Na gwammace ta ce na yi saurayi da in buɗe baki in ce hannuna ke ciwo. Gani nake idan na faɗa na zama kaya a gidan mutane.

A salla asirina ya tonu. Gwiwata ta kumbura na kasa zaman tahiya, na miƙe ƙafa gefe. Gwaggo na bayana. Da ta sallame ta ce, “Ɗage zanenki in gani.” Da ta gani ta riƙe baki, sai ga hawaye. Ta ce, “Zuwaira, me na yi miki? Ni dodo ce? Me zan gaya wa ubanki?” Ban taɓa jin na zalunci mutum kamar ranar ba.

Saboda haka, duk abin da kika ji a jikinki wanda ba ki saba ji ba, ki faɗa. Idan yatsu sun ƙage da safe sun daɗe ba su saki ba, idan gaɓa ta kumbura ba tare da kin bige ba, idan gajiya ta ƙi tafiya, idan ƙuraje sun fito a fuska ko gashi na zuba, ki gaya wa Gwaggo a ranar. Idan bakinki ya ƙi, ki rubuta mata a takarda, Mariya ta karanta mata. Kunya ado ce wurin gaishe da manya. Wurin ciwo ba ta da amfani ko kaɗan.

Kin tuna lokacin da aka kai ni Tsibiri wurin Kaka, mahaifiyar Inna. Kin san Kaka da mutanenta ba su bar al'adar iyayensu ba. Ta yi mini turare, ta jiƙa saiwoyi, ta ce wataƙila wani abu ya shafe ni a ɗakin nan mai duhu. Kowace safiya ta fitar da ni bakin rumbu muna shan hantsi muna ɓarar gyaɗa, ta ce, “Zauna nan, kishiya, kin yi fari kamar ƙadangaren ɗaki.” Na ji sauƙi a Tsibiri, gaskiya ne. Amma Kaka da bakinta ta ce wa Baba, “Nawa na yi. Ka kai ta asibiti su ma su duba nasu.” Ni ce na hana. Na ce wa Baba na warke sarai, na yi tafiya a gabansa ina cije leɓe don kada ya ga ɗingishi. Dalilina kawai ina tsoron likita namiji ya ce in ɗage zane. Saboda wannan na yi asarar damina guda. Ciwon nan yana lafawa ya dawo, ni kuma na ɗauki lafawarsa warkewa. A wannan tsakanin ne ƙananan yatsuna biyu na dama suka karkace, kuma an ce mini ba za su miƙe ba.

Idan an ce asibiti, ki tafi. Kina iya cewa Gwaggo ta shiga tare da ke, ba a hanawa.

Da ciwon ya dawo har na kasa ɗaura zane da kaina, Baba ya kai ni babban asibiti a Maradi. Ashe ma mace ce likitar. Ta matsa gaɓoɓina ɗaya bayan ɗaya, ta tura mu aka ɗebi jini. Da muka koma da sakamako ta zaunar da mu ta yi bayani da Hausa, a hankali. Zan faɗa miki yadda na riƙe.

Ta ce a jikin kowa akwai masu gadi, aikinsu su yaƙi cuta idan ta shigo. Ni nawa sun rikice, sun koma suna yaƙar gaɓoɓina, kamar karen gida da ya daina gane mai gida. Ta ce ba maita ba ce, ba kuma a ɗauka wurin wani. Sannan ta ce akwai wani abu, bitamin D, wanda fata ke yi idan rana ta taɓa ta, ana kuma samun kaɗan a kifi da ƙwai da hanta. Yana ƙarfafa ƙashi, yana kuma cikin abubuwan da ke taimaka wa masu gadin nan su natsu. Nawa ya yi ƙasa ƙwarai.

Baba ya yi dariya, irin wadda yake yi idan abu ya ɗaure masa kai. Ya ce, “Likita, a ƙasar nan? Mu da rana ke ƙona mana gero? Ai in ana sayar da ita da mun yi arziki.”

Ta ce, “Baba, kai da ke gona ka samu rabonka. Amma rana ba ta ratsa kwanon rufi, ba ta ratsa tufa mai kauri. Kuma irin fatarmu ta fi farar fata buƙatar daɗewa kafin ta yi abin.” Ta juyo gare ni ta ce, “Ƙanwata, a ina kike wuni?”

Na gaya mata. Shi ne karo na farko da na faɗa wa wani labarin ɗakin keke, Baba na ji.

Daga nan na yi ƙarfin hali na tambaye ta ko ni na jawo wa kaina. Amsarta nake son ki riƙe da kyau, don kada ki je ki faɗa wa mutane abin da ba haka ba. Ta ce ba za ta iya cewa rashin rana ne ya kawo ciwon ba. Ana yawan samun masu irin ciwona da ƙarancin bitamin ɗin, amma masana ba su gama rabe wanne ke riga wanne ba, don mai ciwo ma yakan daina fita. Akwai wanda ya wuni a gona duk rayuwarsa ya kamu, akwai wadda ta tsufa a ɗaki ba abin da ya same ta. Ta ce abubuwa ne da yawa ke haɗuwa, har da jini. Sai ta tambaya ko akwai mai irin wannan a danginmu.

Baba ya ce Inna ma takan kasa riƙe taɓarya da safe, yatsunta na kumbura, ana cewa sanyin haihuwa ne. Ke ba za ki tuna ba. Ni na tuna yadda take damun fura da bayan hannu, na ɗauka haka kowa ke yi.

Kada wannan ya firgita ki. Likita ta ce ba dole ne ya same ki ba, ƴan'uwa da yawa ba ya taɓa su. Jinin da muka gada ba mu da iko a kansa, na Allah ne. Amma hantsi da kwanon abinci da buɗe baki, waɗannan suna hannunki. Ko ba su tsare ki daga wannan ba, za su amfani ƙashinki. Shi ya sa na dage.

Kuskurena na ƙarshe ban daɗe da yin sa ba, kina gida ma aka yi, ba ki dai sani ba. An rubuta mini magani iri biyu, na ciwon kansa da na bitamin. Na sha, na kuma riƙa fita da hantsi. Da na ji hannuna ya saki har ina iya tsinkar zogale, sai na ce ai na gane sirrin, rana ce maganin, ga ta kyauta, me zai sa Baba ya yi ta zarya zuwa parmasi sayen magani. Na daina shan na ciwon ban gaya wa kowa ba. Lokacin nan da kika riƙa yi mini kitso kina ba ni ruwa a baki kina tambaya me ya faru, to abin da ya faru ke nan. Da muka koma, likita ba ta yi mini tsawa ba. Ta dai ce, “Rana ba ta warkar da wannan, ƙanwata. Taimako take yi, shi ma kaɗan.” Na so a ce tsawar ta yi.

Don haka idan aka taɓa rubuta miki magani, ki sha yadda aka ce har mai rubutawa ya ce ki bari. Kada kuma ki sayi ƙwayoyin bitamin wurin masu yawo da su a kan tire, don an ce yawansa ma cuta ne. Akwai wata mata da muke haɗuwa a bencin asibiti, ita nata ciwon ɗan'uwan nawa ne amma rana ke tayar mata da shi, har fuskarta ta yi tabo. Ita an ce ta guji rana, ta sha bitamin ɗin a ƙwaya. Kin ga ke nan ba kowa za ki ce wa ya fita hantsi ba. Ke nake gaya wa, don ke lafiyarki ƙalau.

Ki yi wa Gwaggo biyayya, ki taya ta aiki. Ba ta da laifi a abin da ya same ni, har yau idan ta ga hannuna sai ta kau da kai. Idan ta ce ki zo ki koyi keke bayan lakkwal, ki koya, sana'a ce mai kyau, amma ki roƙe ta a jawo keken bakin ƙofa. Za ta yarda. Ni ce ban taɓa roƙa ba. Ki riƙe salla, ki riƙe karatu. Ki ɗaga hannu a aji ko muryarki na rawa. Abin da na yi fata kafin sakamako na tuba da shi, yanzu ina roƙon Allah ki yi nisa har inda ban san sunansa ba.

Na san takarda ba ta isa. Da wani ya rubuta mini irinta lokacin, da na karanta na ninke na koma ɗaki. Saboda haka na yanke wata shawara. Matar Kawu ta daɗe tana neman wadda za ta riƙa zama mata a kan buhunan zogale a kasuwar Maradi, ita ta samu ta yi sauran sayayyarta. Ta yi mini magana na ce ba zan iya ba, kin san ni da kiran masu saye. Jiya na je na ce mata zan iya. Ɗaukar kaya ba nawa ba ne, zama ne da awo da magana da mutane. Ban gaya wa Baba ba tukuna, sai kin tafi. Duk ranar kasuwa ina nan layin masu ganye. Idan kin taso daga kolej ki biyo, ki zauna kusa da ni, ki miƙo mini hannuwanki in gani.

Allah ya tsare mini ke daga ciwo da sharrin mutum da na hanya. Allah ya ba ki lafiyar da za ki yi karatu da ita, ya sa ki a hannun masu tausayi, ya jiƙan Inna. Ki gaishe da Gwaggo da Mariya da yaran gida. Ki gaishe da Ilu ma, ki ce masa ƴar Jiratawa na jin Hausa.

Taki har kullum,
Yayarki Zuwaira,
Jiratawa.